Dodon bakin rijiya

Na san wasunku da sun ga kan wannan rubutu za su ce, to fa, yau kuma zancen wasan kwamfuta aka kawo mana? Ƙasa na cikin halin da take ciki, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka, a kudancin jiharmu mutane na sayar da gona su biya kuɗin fansa, kai kuma ka zo kana ba mu labarin gem. Na ji, kuma ban ce ba ku da gaskiya ba. Amma ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin abin da zan faɗa ya shafi ran mutane, kuma saura ƙiris ya shafa wa ɗan kawuna jini a hannu.

Sunan wasan The Witcher 3: Wild Hunt. Wani kamfani na ƙasar Polan mai suna CD Projekt Red ne ya fitar da shi a watan Mayu na 2015, an gina shi a kan littattafan marubucin nan Andrzej Sapkowski, kuma an sayar da kwafinsa sama da miliyan 50. Kai mai wasa kai ne Geralt, wani mutum mai farin gashi da tabo a fuska, wanda sana'arsa kashe dodanni a biya shi. Takubba biyu yake ratayawa a baya, na ƙarfe don mutane, na azurfa don dodanni. Ba a ɗaure ka a kan hanya guda ba. Ka hau dokinka ka nufi inda ka ga dama, daji, fadama, birni, tsibiri. A ƙauyuka akwai allo da ake manna takardun neman agaji: wani abu na cinye mana dabbobi, wani abu ya ɗauke ɗan'uwana, wani abu ya hana mu bin hanya. Ka cire takarda, ka nemi mai ita, ku yi ciniki, ka ce ƙara, ya ce albarka, kamar kana taya rago a kasuwar Dakoro.

Ƙasar da wasan ya jefa ka ciki, ƙasa ce da yaƙi ya tattake. Manyan dauloli biyu na faɗa, talaka na tsakiya. Gawarwaki rataye a bishiya, ƴan gudun hijira cunkushe a bakin gada an hana su wucewa sai da takarda, sojojin da suka gudu daga fagen fama sun koma ƴan fashi, marayu na yawo. Ban taɓa taka Turai ba, amma wallahi ban ji baƙunta ba. Duk wanda ya ga mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwararo yankin Gidan Rumji a 2019, da buhu a ka da yaro a baya, ya san fuskokin nan.

Ni ɗan ƙaramar hukumar Tagriss ne, cikin gundumar Dakoro. Karatu ya kawo ni Maraɗi, neman abinci ya riƙe ni. A nan na sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a hannun aboki, da wasan a ciki. Bara, bayan girbi, na tafi gida da ita. Can ba wutar gwamnati a ƙauyenmu, sai mai cajin waya da faifansa na hasken rana, wanda ya dubi kwamfutar ya ce wannan kuɗin waya huɗu zan biya. In ta cika, wasan na shanye batirin kafin awa guda, tana huci kamar injin niƙa. Don haka bayan isha'i nake buɗe ta a tsakar gida, yara su yi mini rumfa, manya su zauna nesa kaɗan su yi kamar ba kallo suke ba.

Na sake farawa daga farko don yaran su gane. A farkon wasan akwai wani aiki: wani talaka ɗiyarsa ba lafiya, ruwan kogi ya gurɓace da gawarwakin yaƙi, rijiya guda da ke da ruwa mai kyau kuma wata fatalwa ta tsare ta, ba mai iya kusantar wurin. Ina fassara musu daga Faransanci, sai kakata, wadda na ɗauka gyangyaɗi take, ta ce, "Ai wannan Bayajidda ne."

Aka yi dariya, amma ta yi daidai. Labarin da muke cewa shi ne tushenmu, labarin farautar dodo ne a bakin rijiya. Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa wajen tsohuwa, aka ce masa ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda maciji, ya je ya sare kan macijin, aka biya shi da auren sarauniya. Har yau rijiyar na nan Daura, ana zuwa kallonta. Ashe mu ma muna da namu Geralt tun kafin a san da kwamfuta.

Sai dai da fatalwar ta bayyana a allo, da farar riga yagaggiya, tsohuwar ta matso ta ƙura ido, ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai mace ce. To wa ya yi mata haka?"

Tambayar da wasan yake so ka yi ke nan, ita kuma ta yi ta ba tare da ta taɓa madanni ba. Geralt ba ya zuwa ya hau sara. Sai ya zagaya kangon ƙauyen, ya duba jini da ya bushe, ya karanta wani littafin sirri da aka bari, ya leƙa rijiya. A ciki ya tarar da ƙasusuwan wata mata rataye da igiya. Mai mulkin yankin ne da yaransa suka zo suka yi wa ƙauyen kisan gilla, suka rataye ta a rijiya. Abin da mutane ke kira shaiɗanin rijiya, matar da aka zalunta ce ba a yi mata sutura ba. A ƙarshe dai Geralt ya yaƙe ta, don yarinya na buƙatar ruwa. Amma ka kashe ta kana sane da cewa wanda ya haifar da bala'in mutum ne mai sarauta.

Haka ma babban dodon wannan yanki, mai kan mikiya da jikin zaki, da ke sauka ya fige mutane a hanya. In ka bi sawu har sheƙarsa, sai ka tarar sojoji ne suka je suka kashe matarsa suka lalata sheƙar. Kafin nan yana can dajinsa. Sojojin da suka tsokano shi, su ne kuma suka ɗauke ka aikin kashe shi. Wasan cike yake da irin wannan. Masu cin gawa ba sa yawaita sai inda aka yi yaƙi aka bar matattu a fili. Akwai dodon da dodo ne kawai, ba tarihi ba dalili, amma sau da yawa in ka tona, sai ka iske hannun ɗan Adam a gindin abin.

Kwana huɗu bayan wannan dare, aka wayi gari an kwance wa kawuna raguna uku da tunkiya mai ciki.

Ku ƴan birni ku fahimci abin da wannan ke nufi. Ragunan nan ba na ado ba ne. Su ne asusun banki, su ne sadakin ɗansa, taubashina, wanda aka sa wa ranar aure. Shekara guda yana yankan ciyawa, yana sayen dusa, yana ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba da yawa. Cikin dare guda aka share. Kafin rana ta ɗaga, samari sun cika fada, kuma kowa ya riga ya san ɓarawo. Akwai rugar Fulani da ta sauka arewa da rijiya sati guda kafin nan, suna jiran a saki gonaki. Ba wanda ya ga kowa, ba wanda ya ji motsi, amma magana ɗaya ce a bakin kowa: su ne. Taubashina ya shiga ɗaki ya fito da baushe, wadda ban ma san yana da ita ba.

Na ce masa, "Haba taubashi, ka ga wanda ya kwance su?"

Ya ce, "Kai ɗan lakwal, rufe mana baki. Mi ka sani? Ku kuna birni kuna danna na'ura. Waɗannan ba mutane ba ne."

Kada in yi muku ƙarya, ba maganata ce ta tsayar da su ba. Ba wanda ya saurare ni, kuma ban ga laifinsu ba, don ba ragona aka sata ba. Kawu ne ya fito ya tsaya a ƙofar gida ya ce duk wanda ya taka zuwa rugar nan da sunan dabbobinsa bai yafe ba. Mai gari ya aika aka kira wani dattijo da ya iya bin sawu, ya kuma aika wa arɗon rugar, shi ma ya turo ɗansa. Muka ɗunguma bayan dattijon. A wasan, in ka danna wani madanni, sawu da jini sai su yi ja a allo. Wannan bawan Allah ba shi da madanni. Yana tafe a sunkuye, yana nuna mana da sanda: nan tunkiyar ta turje, nan aka ɗauke ta, wannan takalmin roba ne, mai shi ya fi taka ƙafar hagu. Sawun bai nufi ruga ba. Ya yi yamma, ya bi bayan gonaki, ya ƙare a inda tayoyin babur biyu suka tsaya suka juya. Daga nan sai hanyar mota, sai iska.

Ba a ga ragunan ba har yau. Kuma ba ina ce muku an wanke kowa ba ne. Mai yiwuwa ɓarawon Bafulatani ne, mai yiwuwa Bahaushe, mai yiwuwa Ba'abzine, mai yiwuwa su ukun ne suka haɗa kai, don ɓarayi sun fi mu iya zaman tare. Satar dabba na buƙatar wanda ya san garken a cikin gari, da mai babur, da mai saye a kasuwa wanda ba ya tambaya. Abin da na sani kawai shi ne, da an je rugar nan da safiyar nan, waɗanda za a iske mata ne masu dakan gero da yara da tsofaffi, don samarin sun fita da shanu.

"Waɗannan ba mutane ba ne." Wannan jimlar ce ta hana ni barci, ba bindigar ba. Bindiga ƙarfe ce da itace. Jimlar ce ke ɗana ta. Da zarar ka cire al'umma guda daga sahun mutane ka sa ta sahun dodanni, ka huta da neman shaida, ka huta da bin sawu, ka huta da alƙali. Ba a kai dodo kotu.

Mu ƴan jihar Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba. A watan Oktoba na 1991, lokacin da manyan ƙasa ke Yamai suna babban taron ƙasa kan dimokuraɗiyya, a Toda, nan cikin jiharmu, rikicin manoma da makiyaya ya ƙare da kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani. Yawancinku ba a haife ku ba. Ni ma ba a makaranta na ji ba, a bakin dattawa na ji, su ma da murya ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka yi wannan aiki ba aljanu ba ne. Manoma ne irin kawuna, samari ne irin taubashina, masu sallah, masu zumunci, waɗanda rana guda aka ce musu su ne, suka yarda.

Ku kuma dubi ƙetaren iyaka. A Zamfara, da satar shanu da fashi suka yi yawa, hukuma ta yi nisa, al'umma ta kafa ƴan sa-kai. Niyyar farko kare kai ce, ba mai musu. Amma aka wayi gari ana kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa a kashe shi ba bincike ba shari'a, saboda kamarsa da sandarsa. Ɗan wanda aka kashe ya shiga daji, ya sami masu bindiga suna jiransa da hannu biyu. Gwamnatin jihar ta sha haramta ƴan sa-kan, amma aikin gama ya gama. Ba na cewa wannan kaɗai ne ya haifi ƴan bindiga. Akwai talauci, akwai makamai da suka cika Sahel, akwai zinariya, akwai zalunci wajen masu hukunci, akwai tsabar mugunta da son kuɗin banza. Amma duk wanda ya bi tarihin abin da gaskiya ya san ramuwar gayya ta zuba wa wutar mai. Yanzu wutar ta ƙetaro Madarunfa da Gidan Rumji, ba ta nemi biza ba.

Akwai wani aiki a wasan da ya fi kowanne tsaya mini a rai. Ka isa wani ƙauye ka tarar an karkashe kowa, sai yarinya guda da ta ɓuya. Ka ɗauka dodo ne. Ka bi sawu, sai ka iske wani mafarauci irinka zaune da rauni. Mutanen ƙauyen sun ɗauke shi ya kashe musu dodo, ya kashe, suka ƙi cika masa kuɗinsa, suka yaudare shi zuwa rumbu suka soke shi da mashin ciyawa. Shi kuma ya fusata ya bi gida-gida. An cuce shi, gaskiya ne. Ya kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, wannan ma gaskiya ne. Wasan ya bar ka da shi: ka kashe shi, ko ka ƙyale shi. Na daɗe riƙe da linzamin kwamfuta ban danna ba. Mutumin da aka ba makami don ya kare gari, ranar da ransa ya ɓaci, wa zai kare garin daga gare shi? Duk mai kiran a raba wa samari bindigogi a ƙauyuka, ya fara amsa wannan.

In kuma kana ganin kai ba za a taɓa kiranka dodo ba, tuna Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, a jihar Edo ta Najeriya, ƴan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta ƴan arewa daga Fatakwal za su gida Kano yin sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Na tuna yadda shafukanmu suka cika da kuka da Allah ya isa, kuma ya cancanta. Amma ku saurari hujjar masu kisan: ana sace mana mutane, hukuma ba ta komai, waɗannan sun yi kama da su. Kalma da kalma, abin da na ji a fadar ƙauyenmu ke nan. Wasu da suka fi kowa kuka kan Uromi, su ne kuma za ka ga sun rubuta a gama da Fulani. Ban san yadda zuciya guda ke ɗaukar biyun ba.

Wasan ma ya san wannan halin. A babban birninsa, Novigrad, masu wa'azin wuta na ƙona matsafa a dandali jama'a na tafi. Da matsafan suka tsere, ba a kashe wutar ba, sai aka juya kan wasu jinsunan da suka shekara suna ƙira da kasuwanci a birnin. Itacen da aka tara sai ya ci wani.

To mene ne gindin namu rikicin? A wajenmu ba asiri ba ne, ƙasa ce da ruwa. Tun 1961 akwai doka da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne, kuma a Dakoro kwarin Tarka ake kallo a matsayin wannan iyaka. Amma mutane sun ƙaru, gonakin kudu sun gaji, manoma suka yi ta turawa arewa. Burtali ya tsuke, wani wurin an shuke shi ƙaf. Makiyayi ya gangaro ya iske hanyar da kakansa ya bi ta zama gonar wake, manomi ya wayi gari ya iske guminsa na wata huɗu a cikin shanu. Kowa na da gaskiyarsa, kowa na da yunwarsa. An yi kundin dokokin karkara a 1993, wanda ya kawo kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo. An yi dokar kiwo a 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Kowace shekara hukuma na sa ranar sakin gonaki. Duka suna nan a takarda.

Tambayata gare mu, mu masu waya da intanet: mu nawa muka san waɗannan? Geralt kafin ya fita yaƙi sai ya buɗe littafinsa ya karanta halin abin da zai tunkara, me ke jawo shi, me ke karya shi. Wanda ya tsallake karatun nan a wasan, dodo na tumurmusa shi. Mu kuwa mun haddace ƴan wasan Barcelona har da na benci, amma ba mu san ko Kofon ƙauyenmu na zama ba, ba mu san ina burtali ya bi ba, ba mu san wa ya shuke shi ba. Ranar da jini ya zuba sai mu fito da sharhi. Ni kaina sai bayan satar nan na je na tambayi mai gari waɗannan abubuwa, na ji kunyar yawan abin da ban sani ba game da garin da aka binne cibiyata.

Na san abin da wani zai ce, musamman wanda aka taɓa ɗauke masa uwa ko ƙane: kai malam, akwai dodanni na gaske. Ƙwarai akwai. Mutumin da zai ɗaure tsoho a daji wata biyu yana kiran iyalinsa suna jin kukansa a waya, ban da wani suna mai daɗi da zan ba shi. A wasan akwai wasu tsofaffin mayu mata uku a cikin fadama, waɗanda ƙauye ke bauta wa don su bar shi ya rayu. Haraji suke karɓa, har da kunnen mutum, kuma marayun da ake turawa wajensu ba sa dawowa. Da na ga dattijon ƙauyen ya yanke kunnensa ya miƙa, ƙauyukan Zamfara da Sakkwato na tuna, inda ake tara wa ƴan bindiga kuɗi kafin a bar mutane su yi noma ko girbi. Irin waɗannan ba a lallashinsu da tatsuniya. Geralt ma ba mai wa'azi ba ne, takubban nan biyu ba na ado ba ne. Ban ce kowa ya naɗe hannu ba, ban ce kada gari ya yi sintiri ko ya tsare dabbobinsa ba. Abin da na ce shi ne a san wanda ake nema, da sunansa da laifinsa, a kuma miƙa shi inda za a yi masa hukunci. Wanda ya ƙone ruga don ya rasa ɓarawo bai rage ɓarayi ko ɗaya ba, ya dai ɗaukar musu sababbin ma'aikata.

Wani kuma zai ce wasan kansa fa? Gaskiya ne, ba na yara ba ne, an rubuta shekara 18 a jikinsa. Akwai tsiraici, akwai tsafi, akwai zagi, akwai jini. A tsakar gidanmu sau da yawa na rufe allon da sauri na ce batir ne. Yana kuma cin lokaci kamar gara, na san daren da na ce minti goma, sai kiran assalatu na ji. Wanda ya ce shi ba zai taɓa ba saboda addininsa ko lokacinsa, ban da ja. Ba talla nake wa kamfanin Polan ba, ba su san da ni ba, ba su kuma sa Hausa a cikin harsunan wasan ba. Abin da ke ba ni haushi ma shi ne, su sun ɗauki tatsuniyoyin ƙauyukansu sun sayar wa duniya, mu muna zaune kan Dodo da Gizo da Ƙoƙi da Kusugu da Sarauniya ta Lugu muna jiran wani ya zo ya yi mana. Wannan zancen wata rana ne.

Kuma wasan na da ƙaryarsa, har biyu. Ta farko, jarumi guda mai farin gashi da zai zo daga nesa ya warware matsala ya karɓi kuɗi ya wuce. Mun cika son wannan labari, tun daga Bayajidda har zuwa siyasarmu. A ƙauyenmu ba jarumi ne ya hana ɓarna ba. Tsoho ne da ya tsaya a ƙofa, da mai gari da ya san lambar arɗo, da dattijo mai sanda, da arɗon da ya yarda ya turo ɗansa cikin fusatattun samari. In ɗaya daga cikinsu ya yi tafiya a ranar, ban san me zan rubuta yau ba. Bai kamata ran mutane ya rataya a kan sa'a irin wannan ba, shi ya sa nake maganar Kofo da jandarma da alƙali masu aiki, waɗanda talaka zai kai wa ƙara ba tare da ya sayar da ragon da ya rage ba. Ƙarya ta biyu ita ce madannin komawa baya. A wasan in ka yi zaɓi ya ɓaci, sai ka koma inda ka ajiye ka sake. Na yi haka ba adadi. Toda ba ta da wannan madanni.

Daren da zan komo Maraɗi, taubashina ya zo ya zauna kusa da ni. Kwana biyu ba ya yi mini magana. Ya ce, "Ɗan lakwal, ba ni abin nan naka in gani." Na buɗe masa tsohon wasana, na kai shi ƙauyen da aka karkashe, na bar shi ya bi sawun da kansa, ina fassara. Ya iske mafaraucin, ya saurari labarinsa har ƙarshe. Ya ce, "Ai sun cuce shi." Na ce haka ne. Ya yi shiru, ya ce, "Amma yaran fa, mi suka yi mishi?" Zaɓi biyu na kan allo, ya sa yatsa ya ɗauke, ya sake sawa. Yana cikin haka kwamfutar ta yi ƙara ta mutu.

Ya miƙo mini ita ya ce in na dawo mu ƙarasa. An ɗaga bikinsa zuwa bayan girbin bana, ya sayi ɗan rago guda ya fara daga farko. Baushen tana nan rataye a ɗakinsa, na gan ta da safe da na shiga yi masa sallama.